Ciwon Zuci da Gyaran Niyya: Darasi daga Rayuwar Imam al-Gazali

Daga watan Rajab na shekarar 488 bayan Hijira (1095 Miladiyya), Imam Abu Hamid al-Gazali, Allah Ya ji ƙansa, ya shiga damuwa ta kusan wata shida, alhali yana karantar da ɗalibai 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Harshensa ya ɗaure, abinci ya gagare shi. Likitoci suka yanke cewa cutar daga zuciya ta taso.

A littafinsa al-Munƙiz min al-Dalal ya bayyana tushen lamarin. Da ya binciki niyyarsa, ya tarar son girma da ɗaukakar suna ke ingiza shi koyarwa. Saɓanin zahiri da baɗini ne ya kayar da jikinsa.

Sai ya bar muƙaminsa, ya nufi Dimashƙa da Ƙudus, ya yi hajji, ya shafe kimanin shekara 11 yana tarbiyyar ransa. A 499 ya koma koyarwa a Naisabur, aikinsa na da, da sabuwar niyya. Wannan daidaituwar ɓoye da bayyane ita malaman tarbiyya ke kira sidƙu, kuma da ita ya warke.