Kunnuwan giya da abin da ke cikin sitiyari

Ranar wata Asabar ƙanena ya zo gidana a Samaru ya ce in raka shi Sabon Gari, wai zai sa wa motarsa wasu 'yan ƙarafa biyu a bayan sitiyari, irin waɗanda direba ke taɓawa da yatsa ya canja giya. Motar 'yar Kwatano ce, mai giya otomatik. Na bi shi ne don son sanin sunan da bakanikai suka raɗa wa abin, kasancewar nazarin harshe ne sana'ata. Mutanen da suka mayar mana da kalmomin Turawa suka zama sitiyari da birki da totur ba sa barin baƙon abu ya kwana babu suna. Wannan kam ban ji an sa masa ba, don haka na ce da shi kunnuwan giya, saboda yadda suke leƙowa dama da hagu.

Asalin kunnuwan nan daga tseren motoci ne. Kamfanin Ferrari na Italiya ne ya fito da su a gasar Formula One a 1989, kuma Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da motar a fitarta ta farko. A 1997 suka shigo motar hawa samfurin F355. Hikimar ita ce kada hannun mai gudun kilomita 300 a awa ya bar sitiyari. Na dama yana ƙara giya, na hagu yana ragewa.

Abin da mai saye ya kamata ya fara sani shi ne kayan iri biyu ne a kasuwa. Akwai na alminiyon da ake mannawa da gam a kan kunnuwan da mota ta zo da su, don a ƙara musu tsawo. Wannan ado ne kawai. Akwai kuma na gaske, wanda makunni ne da ke aika saƙo ga kwamfutar giya. Shi kuwa ba ya aiki sai in tun daga masana'anta giyar motar na da gurbin da direba ke zaɓa da kansa, mai alamar ƙari da ragi. Ko a nan ma kwamfuta ce mai magana ta ƙarshe: in ka nemi giyar da za ta wahalar da inji, sai ta ƙi.

Matsalar tana wajen jan waya. Sitiyari juyawa yake yi, saboda haka duk wayar da ke shiga cikinsa tana bi ne ta wani naɗaɗɗen ziri mai kama da na kaset, wanda ke warwarewa yana naɗewa. Ta nan hon ke samun wuta, ta nan kuma jakar iska, wadda ke fashewa ta tare ƙirjin direba a lokacin karo, ke karɓar umarni. Zirin motar ƙanena ba shi da sauran layin da za a ɗora wa kunnuwa.

Mai aikin wutar da muka je wurinsa, saurayi ne mai ladabi da saurin hannu, bai ga abin damuwa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sai mu ari layin jakar, ko mu sa masa ƙaramin sitiyari na 'yan tsere." Na tambaye shi jan fitilar da za ta kama a gaban direba fa? Ya yi murmushi ya ce akwai yadda ake rufe ta. Bai ma yi niyyar cire kan batir ya jira 'yan mintoci ba kafin ya kwance jakar, alhali tana iya tashi a fuskarsa, domin buɗewarta ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Ba a taɓa koya masa wannan da harshen da yake tunani da shi ba, littafin motar kuma da Turanci yake, in ma ya biyo ta. Amurka, inda yawancin motocinmu ke fitowa, ta wajabta jaka biyu a gaban kowace ƙaramar mota tun samfurin 1998. Wato abin da doka ta tilasta a can, wanda muka biya kuɗinsa har da na kwastan, shi muke ba da lada a cire mana.

Ba na cewa kunnuwan ba su da amfani. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo a hanyar Jos ya san darajar rage giya, inji ya riƙe mota, birki ya huta. Haka nan wajen wuce tirela a hanyar Kano. Amma daga Samaru zuwa Sabon Gari fa? Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga cunkoson Kwangila, ga 'yan acaɓa da A-daidaita-sahu a PZ. Da ƙyar mota ke kai giya ta uku. Wanda lallai yake so, hanyarsa ita ce ya nemo sitiyari da ziri na asali daga samfurin motarsa da ya zo da kunnuwa, a haɗa da jakar, sannan a sa na'ura a tabbatar babu fitilar da ta kama.

Da muka yi lissafin wannan, ƙanena ya ga kuɗin ya kusa na sababbin tayoyi biyu, nasa na gaba kuwa sun suɗe. Muka ba saurayin na shan ruwa, muka nufi layin masu taya.