DAGA HUKUMAR SARARIN SAMANIYA ZUWA MAJALISAR DATTIJAI: LABARIN SHEHUN MALAMI BOROFFICE

Daga wakilinmu a Lafiya

Duk manomin da ke zaune a bakin kogin Binuwai a Jihar Nasarawa, kama daga Tunga ta ƙasar Awe, a biyo ta Rukubi ta ƙasar Doma, har zuwa Loko da Umaisha, ba zai manta da damunar 2012 ba. A wannan shekara ce kogi ya cika ya batse bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, ya cinye gonaki da gidaje. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan 2 kuma suka rasa matsuguni. In irin wannan masifa ta auku, abin da hukuma ke bukata da farko shi ne ta san iyakar inda ruwa ya kai. Hanya mafi sauri ta sanin haka kuwa ita ce hoton da tauraron ɗan Adam ke ɗaukowa daga sama.

To, mutumin da ya ja ragamar samar wa Nijeriya irin wannan tauraro, a lokacin yana zaune ne a Majalisar Dattijai. Shi ne Shehun Malami Robert Ajayi Boroffice. Ya kamata masu karatu su san labarinsa, domin akwai darasi a ciki ga duk mai jefa ƙuri'a.

An haifi Boroffice a 1949 a garin Oka Akoko, cikin Jihar Ondo ta yanzu. Abin mamaki, ilmin halittar dabbobi ya karanta a Jami'ar Ibadan, inda ya sami digirin farko a 1971, sa'an nan ya yi digirin digirgir a 1975 kan yadda 'ya'ya ke gadon halittar iyaye. Ya koyar a Ibadan, daga bisani ya koma Jami'ar Jihar Legas. A 1992 aka kira shi aiki a hukumar NASENI, mai kula da bunƙasa kimiyya da aikin injiniya. Da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, wato NASRDA, a 1999, shi aka ɗora wa shugabancinta, ya kuwa riƙe ta kusan shekara goma.

TAURARO NA FARKO

Ran 27 ga watan Satumba, 2003, wani rokan Rasha ya tashi daga sansanin Plesetsk ɗauke da NigeriaSat-1. Wani kamfani na Surrey a Ingila ya ƙera shi a kan kuɗi kimanin dala miliyan 13, aka kuma koyar da injiniyoyin Nijeriya a wurin ƙirar. Nauyinsa wajen kilo 100 ne, wato kamar buhun masara guda, yana zagaya duniya a nisan da ya kusa kilomita 700 daga ƙasa. In ya ɗauki hoto, faɗin ƙasar da ke shiga ciki ya kai kilomita 600, ka ga ke nan da gilmawa ɗaya sai ya haɗa Jihar Nasarawa da maƙwabtanta.

Mutane da yawa sun yi ta suka a lokacin, suna cewa ƙasar da ta gaza wadata jama'arta da ruwan famfo da wutar lantarki, ina ruwanta da sararin samaniya? Amsar masu goyon bayan shirin ita ce, da wannan hoto ake gane inda hamada ke matsowa, da inda daji ke ƙarewa, da yawan ƙasar da aka noma. Gani ya kori ji: a 2005, da guguwar Katrina ta faɗa wa Amurka, hotunan NigeriaSat-1 suna cikin waɗanda masu aikin ceto suka yi amfani da su. An ƙera shi don ya yi shekara 5, sai ga shi ya kai 2012 yana aiki.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Mayu na 2007 aka harba NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin, domin aikin sadarwa. Bayan wata 18 kacal, a Nuwamba 2008, faifan da ke tara masa wuta daga hasken rana ya lalace, tauraron ya mutu. Sai a Disamba 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R. A watan Agusta na wannan shekara kuma aka harba NigeriaSat-2, mai iya rarrabe abin da faɗinsa bai wuce mita biyu da rabi ba, tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Surrey.

SHIGA SIYASA

A zaɓen Afrilu na 2011 Boroffice ya tsaya takarar kujerar Ondo ta Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar Leba, ya yi nasara. Kafin shekara ta zagayo ya sauya sheƙa zuwa ACN, wadda daga baya ta narke cikin APC. Jama'arsa suka sake zaɓensa a 2015 da 2019. Ya shugabanci kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar, a 2019 kuma ya zama mataimakin shugaban masu rinjaye. Ya nemi tikitin takarar gwamnan Ondo bai samu ba. A 2022 ya shiga neman tikitin shugaban ƙasa, ya janye wa Bola Tinubu a wurin babban taron jam'iyya. Ya bar majalisa a 2023, bayan shekara 12.

Irin wannan tafiya ba baƙon abu ba ce a duniya. John Glenn, Ba'amurken farko da ya zagaya duniya cikin kumbo a 1962, an zaɓe shi ɗan Majalisar Dattijan Amurka a 1974. George Whitesides, wanda ya shugabanci kamfanin Virgin Galactic daga 2010 zuwa 2020, ya ci kujerar Majalisar Wakilai daga Kalifoniya a 2024. Dalilin a fili yake. Tauraron ɗan Adam yana da ajali, in ya tsufa ba makanikin da zai hau ya gyara shi, dole a sayi sabo. Kuɗin sayen sabon kuwa daga kasafin da majalisa ta amince da shi yake fitowa.

A nan ne labarin ya zama abin tunani. Shekara 7 aka ɗebar wa NigeriaSat-2, wato wa'adinsa ya cika tun 2018. Amma har Boroffice ya bar majalisa, NASRDA ba ta sami harba magajinsa ba, duk da cewa wanda ya fi kowa sanin muhimmancin abin yana zaune a sahun gaba. Wanda aka harba a 2017, NigeriaEduSat-1, ɗan ƙaramin tauraro ne na koyar da ɗalibai. Ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutum fiye da 600, ta riski ƙasar ne da tsofaffin taurari. Dattijai 109 ne a majalisar, kowa da hanyar mota da rijiyar burtsatse da ya yi wa mutanensa alkawari, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Jihar Nasarawa tana cikin jihohin da wannan al'amari ya fi shafa. Ga gonakin riɗi da doya da shinkafa, ga ramukan haƙar ma'adinai a cikin dazuzzuka, ga rigingimun iyakar gona da burtali, ga kuma Binuwai da ke barazana kowace damuna. Duk waɗannan suna bukatar taswira sahihiya. Jihar tana da kujeru 3 a Majalisar Dattijai, tana kuma da Jami'ar Tarayya a nan Lafiya mai yaye matasa masana kimiyya. Saboda haka in masu neman ƙuri'a suka zo da alkawarin taki da kwalta, ya dace a tambaye su kuma abin da za su yi game da idon da ƙasa ke duban gonakinta da shi. Masani guda ya je majalisa ya dawo. Sauran aikin yana wuyan waɗanda muke turawa, da mu masu tura su. Allah ya kiyashe mu da ambaliya, ya ba mu damuna mai albarka, amin.