MANYAN WAYOYIN LANTARKI: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, manyan wayoyin lantarki suka yi ta ratsa gonaki da makiyaya da garuruwan Nijeriya. Mafi girmansu na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 330,000, masu bi musu kuma bolt 132,000. Mutane da yawa na tambaya ko zama kusa da su yana cutar da ɗan Adam, ko dabbobi, ko motoci. An shirya wannan bayani ne domin a bambanta tabbas da jita-jita.

ƘARFIN DA BA A GANI

Duk wayar da wuta ke gudana a cikinta tana kewaye da ƙarfi iri biyu waɗanda ido ba ya gani. Na farko ƙarfin lantarki ne, wanda bango ko itatuwa ke rage shi ƙwarai. Na biyu ƙarfin maganaɗisu ne, shi kuwa yana ratsa bango. Dukansu biyu suna raguwa da sauri da zarar mutum ya nisanci waya. Ana auna na biyun da ma'aunin da ake kira maikurotesla. Iyakar da ƙwararrun duniya suka sanya wa jama'a a shekarar 2010 ita ce maikurotesla 200, kuma abin da ake samu a gindin babbar waya bai kai kusa da haka ba.

LAFIYAR ƊAN ADAM

A shekarar 1979 wani bincike da aka yi a birnin Denba na Amurka ya jawo zaton cewa yaran da ke zaune kusa da wayoyi masu ɗauke da wuta mai yawa sun fi kamuwa da ciwon daji. A shekarar 2002 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙarfin maganaɗisu cikin jerin abubuwan da "mai yiwuwa" ne su jawo ciwon daji. Dalilinta shi ne an ga ƙarin sankarar jini kaɗan a yaran da suka daɗe cikin gidajen da ƙarfin ya kai kimanin maikurotesla 0.4. Amma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi ba su tabbatar da cewa shi ne sanadi ba. Don haka abin da ya dace shi ne taka-tsantsan, ba firgici ba. Wanda likita ya dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya kuwa, lalle ne ya nemi shawarar likitansa kafin ya yi aiki a tashar lantarki.

DABBOBI

Binciken da aka yi a kan shanu masu kiwo a ƙarƙashin manyan wayoyi bai nuna wata babbar illa ga lafiyarsu ko haihuwarsu ba. Abin da ke cutar da su shi ne wutar da ta zurare daga lalatacciyar waya ta shiga ƙasa ko kwamin shan ruwa. Saniyar da wuta ke ɗan ja a wurin shan ruwa takan ƙi sha, nononta ya ragu. In kuwa waya ta tsinke ta faɗi, wutar takan bazu cikin ƙasa, kuma saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafun saniya na gaba da na baya, takan kashe ta ko da ba ta taɓa wayar ba. Haka nan shingen ƙarfe da aka ja daura da babbar waya yakan tara wuta, sai in an haɗa shi da ƙasa.

MOTOCI

Motocin zamani na da ƙaramar kwamfuta mai sarrafa inji, kuma masu ƙera su na gwada ta don ta jure irin wannan ƙarfi. Wucewa ƙarƙashin waya ba ya lalata ta, iyaka dai rediyo mai matsakaicin zango ya yi ƙara na ɗan lokaci. Sai dai babbar mota da aka ajiye a ƙarƙashin waya takan tara wuta a jikinta, domin tayoyinta sun raba ta da ƙasa. Wanda ya taɓa ta zai ji ta ja shi, kuma tartsatsi na iya tashi. Wannan ne ya sa zuba mai ko ajiye tankar mai a irin wannan wuri yake da haɗari.

BABBAN HAƊARI

Abin da ya fi kashe mutane ba ɓoyayyen ƙarfin ba ne, kusantar wayar ce kanta. Wuta mai ƙarfi takan yi tsalle ta iska ta kama abin da ya matso, ko bai taɓa ta ba. Saboda haka ne aka keɓe fili mai faɗin mita 50 ga wayar bolt 330,000, wato mita 25 kowane gefe, da mita 30 ga wayar bolt 132,000, wato mita 15 kowane gefe.

ABUBUWAN KIYAYEWA

1. Kada a gina gida, ko rumfar kasuwa, ko tashar mota, ko makaranta a cikin filin da aka keɓe.
2. Makiyayi kada ya hau itacen da ke kusa da waya don saro wa dabbobi ganye, kada kuma ya kafa ruga a ƙarƙashinta.
3. Direba ya lura da tsawon lodinsa, kuma kada yaran mota su hau saman kaya.
4. Kada a ƙona daji a ƙarƙashin waya, domin harshen wuta da hayaƙi na ba lantarki hanyar saukowa ƙasa.
5. In waya ta faɗi, a tsaya aƙalla mita 10 daga gare ta, a kore dabbobi, a sanar da ma'aikatan lantarki nan da nan.
6. In ta faɗo a kan mota, na ciki su zauna har a kashe wutar. In gobara ta tilasta fita, mutum ya yi tsalle da ƙafafunsa a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa a lokaci guda.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da arɗo-arɗo da shugabannin direbobi, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba. Tazara ita ce maganin haɗarin da ake gani da wanda ba a gani, kuma rigakafi ya fi magani.