Shirin Musamman: Ajin da Ake Koyon Tambaya

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau shirin namu zai leƙa ajin sakandare, inda ake koya wa 'ya'yanmu darasin zama ɗan ƙasa nagari: dimokuraɗiyya, da haƙƙin ɗan Adam, da nauyin da ke wuyan kowa.

A gurguje: hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu a Najeriya ta shigar da wannan darasi a matakin ilimin bai-ɗaya a 2007, daga baya ya zama tilas a babbar sakandare, WAEC kuma ta fara jarrabawarsa a 2014. Ke nan miliyoyin yara sun zauna sun rubuta shi. To, me ya zauna a zukatansu bayan an karɓe takarda?

Ku biyo ni Bauchi tukuna, farkon shekarun 1940.

[Gajeren kiɗa]

A lokacin, Makarantar Midil ta Bauchi tana da wani matashin malami ɗan Kano, bai daɗe da haura shekara ashirin ba, sunansa Malam Aminu. A makarantar nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yake koyarwa. A cikin gari ga Malam Sa'adu Zungur. Akwai wani zauren tattaunawa da ake yi, malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki su zauna a yi muhawara kan al'amuran ƙasa. Rannan sai Malam Aminu ya jefo tambaya: shin me ake dubawa wajen yanke wa sarki albashi?

Jama'a, ku auna zamanin. Zamani ne da talaka ke cire takalmi ya faɗi ya yi gaisuwa tun daga nesa. Ga Bature zaune, ga mutanen fada, malamin makaranta kuma ya tashi yana tambayar albashin sarki. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba, tambaya kawai ya yi. Ba a daɗe ba aka rufe zauren. Amma tambaya ta riga ta fita, kuma mutumin da ya yi ta shi ne ya zo ya jagoranci jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950.

Wannan labari yana burge ni ƙwarai, domin shi ne darasin gaba ɗayansa. Ɗan ƙasa shi ne wanda ya san dukiyar jama'a tasa ce, ya kuma iya tambayar inda ta shiga cikin ladabi, ba tare da gwiwarsa ta yi sanyi ba.

Yanzu mu dawo ajinmu na yau. Malam ya juya baya yana rubutu a allo, yara sun cika ɗaki, wasu a benci wasu a ƙasa, kowa na kwafa. Ma'anar dimokuraɗiyya. Rassan gwamnati uku. An haddace tsaf. Amma idan wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kuɗin da muka biya na gyaran tagogi fa?" sau da yawa amsar ita ce ta fita ta yi durƙuso. Ba malamin kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Shi ma haka aka koyar da shi, ga yawan ɗalibai, ga albashin da ba ya kai wata. Sai dai yaro yana koyon abin da ya gani fiye da abin da ya kwafa.

Alhali kuwa abin koyarwar mai daɗi ne, mai amfani ne. Ku ɗauki Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, sashe na 33 zuwa na 46. Sashe na 35 kaɗai ya isa darasin mako guda. Ya tanadi cewa wanda aka kama, a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji. A harshen da yake ji, jama'a! A kuma kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Yaron da ya san wannan, ranar da aka kwashe yayansa a kame, ya san abin da zai faɗa wa mahaifinsa. A raba aji, wannan ɗan sanda, wannan lauya, wannan alƙali, a yi wasan kwaikwayo. Malam Aminu kansa da wasan kwaikwayo yake ilmantar da ɗalibansa.

'Yan mata kuma a ba su labarin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri da duka saboda siyasa. A gaya musu cewa matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan 'yan'uwansu na Kudu sun daɗe suna yi. Kakanninsu na da rai lokacin. Su je gida su tambaya.

Sannan a bari su taɓa abin da hannunsu. Ba a koyon tuƙin keke a kan allo. Me zai hana a zaɓi shugaban ɗalibai da ƙuri'a maimakon naɗi daga ofis? A yi rajista, 'yan takara su yi jawabi a wajen taron safe, a kafa akwati, a ƙirga a bainar kowa, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Bayan zango ɗaya a kira shugaban ya yi bayanin alkawuransa. Yaron da ya ga an saye ƙuri'arsa da alawa, ya kuma sha wuyar shugaban da ya zaɓa, zai yi tunani kafin ya karɓi taliya da atamfa a lokacin zaɓe.

Lokaci na hararar mu, bari in taƙaita. Ɗan aji shida na bana, gobe shi ne mai katin zaɓe, tunda shekara 18 ce ƙa'ida. Dokar da aka sa wa hannu a watan Mayun 2018 ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Iyaye, idan yaro ya dawo gida da tambaya, a daure a amsa masa. Malamai, Allah ya saka da alheri, a ƙara haƙuri da masu ɗaga hannu. Nan muka kawo ƙarshen shirin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]