TSOKOKIN FUSKA DA AIKINSU, DA ABIN YI RANAR DA BAKI YA KARKACE

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, suna kuma cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Duk wanda ya taɓa shiga ofis da takarda a hannu ya san gaskiyar wannan magana, gama tun akawu bai buɗe baki ba mai buƙata ya riga ya gane ko yau da sa'a ya fito. Haka kuma malamin makaranta, da ya dubi yara ya san wanda ya fahimci darasi da wanda ya ke gyaɗa kai kawai. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi kansu, shin mene ne ke motsa fuskar nan? To, wannan tambaya tana da amfani, don akwai ranar da sanin amsarta kan ceci idon mutum, wani lokaci ma har ransa.

YADDA AKA SHIRYA SU

In ka dubi tsokar hannu ko ta ƙafa, za ka ga ta kama ƙashi a nan, ta tsallake gaɓa, ta kama wani ƙashi a can. In ta tsuke sai gaɓar ta lanƙwashe. Tsokokin fuska kuwa dabam su ke. Gindin yawancinsu a ƙashi ya ke, amma ƙarshensu cikin fata ya shige, saboda haka in sun tsuke fata su ke ja. Sirara ne, a shimfiɗe su ke ƙarƙashin fata, sun kai kimanin iri 20, kuma yawanci biyu-biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu. An jera su kewaye da ƙofofin fuska, watau ido da hanci da baki, don aikinsu na fari shi ne tsaron waɗannan ƙofofi.

Mai karatu ya ɗauki madubi mu bi su daga sama. A goshi akwai wata faffaɗar tsoka wadda ke ɗaga gira in mutum ya yi mamaki. Zarenta a tsaye su ke, shi ya sa layukan da ke bayyana a goshin dattijo a gicciye su ke, kamar yadda tabarma kan tattare in an turo ta daga gefe. Ƙarƙashinta, a tsakanin ido biyu, akwai wata 'yar ƙarama mai haɗa gira. Ita ce ke aiki sa'ad da aka ce wane ya ɗaure fuska.

Kewaye da kowane ido akwai tsoka mai kama da zobe. Ita ce ke ƙifta ido, kimanin sau 15 zuwa 20 a minti guda, ba tare da mun sani ba, tana shafa hawaye bisa ƙwayar ido don kada ta bushe. Ita ce kuma ke runtse ido in ƙura ta taso. A lura da wannan da kyau, aikinta rufe ido ne kaɗai. Buɗewa kuwa aikin wata tsoka ce dabam da ke cikin gurbin ido.

Baki ya fi ko'ina yawan tsokoki. Shi ma yana da zobe kewaye da leɓɓa, mai tsuke shi kamar yadda zariya ke tsuke wando. Da shi jariri ke kama nono, da shi a ke fito da busa wuta. Sauran tsokoki sun nufo wannan zobe daga ko'ina. Wata ta taso daga ƙashin kunci tana jan gefen baki sama, ita ce ta murmushi. Wata ta taso daga haɓa tana jansa ƙasa, ita ce ta taɓe baki. Malamai su gwada furta harufan b da ɓ da m da f da w ba tare da motsa leɓe ba, za su ga irin bashin da harshen Hausa ya ci na waɗannan tsokoki.

A cikin kumatu kuma akwai wata wadda likitoci suka raɗa wa suna da Latin mai ma'anar mai busa ƙaho. Wanda ya taɓa kallon mai algaita ya cika kumatu da iska yana matso ta, ya ga aikinta. Amma babban aikinta na kullum shi ne mayar da abinci tsakanin haƙora, kada ya taru a lungun kumatu.

Sai tsokokin tauna, waɗanda ba sa cikin wancan lissafi, gama su ƙashi su ke ja, watau muƙamuƙi. Huɗu ne a kowane gefe. Ɗora yatsa a kusurwar muƙamuƙi ka cije haƙora, za ka ji ɗaya ta taso. Ɗora a gefen kai sama da kunne, za ka ji ta biyu. Sauran biyun suna can ciki, su ke taimakon kai muƙamuƙi gefe da gefe wajen niƙa abinci.

MASINJAN DA KE KAWO UMURNI

Tsoka ba ta motsi sai an umurce ta. Ƙwaƙwalwa ita ce babban ofis, jijiya ita ce masinja. A nan sai an yi hattara, don Bahaushe na kiran abu uku da suna ɗaya: jijiyar jini, da jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da jijiyar da ke kai saƙo. Ta ukun mu ke nufi.

Irin waɗannan jijiyoyi 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane gefe, likitoci kuma sun ba su lamba. Ta biyar ita ke kawo ji daga fatar fuska, ita ke kuma motsa tsokokin tauna. Ta bakwai ita ke motsa dukan tsokokin nan da ke jan fata. Hanyarta kuwa mai wuya ce. Tana bi ta wani matsattsen rami cikin ƙashin kunne, ta fito ta bayan kunne daga ƙasa, ta ratsa jakar miyau, watau wurin nan da ke kumbura in yaro ya yi hangum, sa'an nan ta rabu reshe biyar. In ka ɗora tafin hannu a kunne ka baza yatsu bisa fuska, ka sami kwatancinsu: goshi, ido, kunci, haɓa, wuya. Har wa yau ita ke sa hawaye ya zubo, ita ke kawo ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, ita ke kuma motsa wata 'yar tsoka cikin kunne mai rage ƙarfin ƙara.

WAƊANDA SUKA BINCIKO

Likitocin da suka yi rubutu da Larabci sun san ciwon karkacewar baki, suna kiransa laƙwa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana shi cikin littafinsa Al-Ƙanun fid-Ɗibb. A 1821 wani likita ɗan Sikotilan, Charles Bell, ya gabatar da bincikensa a Landan. Ya yanke jijiya ta bakwai a gefe ɗaya na fuskar jaki, nan take hancin wannan gefe ya daina motsi, na ɗaya gefen kuwa ya ci gaba. Saboda wannan aiki ne har yau a ke kiran shanyewar rabin fuska da sunansa.

A 1862 kuma wani likita Bafaranshe, Duchenne, ya buga littafi mai hotuna. Yakan ɗora wa tsoka wutar lantarki kaɗan, ta tsuke, a ɗauki hoto. Ya gano cewa in tsokar kunci kaɗai ta ja baki, murmushin bai yi kama da na gaskiya ba, sai zoben ido ya sa hannu, gefen ido ya tattare. Ashe abin da Bahaushe ya daɗe yana kira yaƙe ke nan, baki na dariya ido bai sani ba. Charles Darwin ya yi amfani da waɗansu hotunan nan cikin littafinsa na 1872 kan yadda mutane da dabbobi ke nuna halin zuciya.

RANAR DA BAKI YA KARKACE

Yanzu mu zo ga amfanin wannan ilmi. Mutum yakan kwanta lafiya lau, ya tashi da safe ya je kurkure baki, sai ya ga ruwa na zuba ta gefe. Ya dubi madubi, baki ya koma gefe ɗaya, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Sai hankalin gida ya tashi, waɗansu su ce iska ce ta mare shi, a shiga hayaƙi da shafe-shafe, kwanaki na wucewa.

Wanda ya karanta abin da ya gabata ya riga ya san abin da ya faru. Jijiya ta bakwai ce ta kumbura cikin matsattsen ramin nan, ƙashi ya matse ta, saƙo ya yanke. Likitoci da yawa suna zargin ƙwayar bairas da jawo kumburin, kuma ya fi samun masu ciwon sukari da mata masu ciki. Gefen da baki ya koma shi ne mai lafiya, don shi ke ja ba mai ja da shi. Ido yana buɗewa amma ba ya rufuwa, don jijiyar buɗewa dabam ce. Ƙarfin tauna yana nan, ji a fata yana nan, don waɗannan na ta biyar ne. Wani yakan ji ɗanɗano ya ragu, ko ƙara ta yi masa yawa a kunne ɗaya.

Wannan ciwo da sauƙi. Kimanin mutum 7 cikin 10 sukan warke sarai ko ba magani, yawanci kuma sauƙi kan fara cikin mako uku. Amma magani na ƙara yawan masu warkewa, in an fara shi cikin sa'a 72. A wani gwaji da aka yi a Sikotilan, aka buga a 2007, bayan wata tara kimanin 94 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin firednisolon sun warke, waɗanda ba a ba su ba kuwa kimanin 82. Babban abin tsoro shi ne ido. Idon da ba ya rufuwa yakan bushe, ƙura ta shiga, ya yi gyambo, har gani ya lalace, balle lokacin hunturu. Saboda haka a riƙa ɗiga masa ruwan ido na asibiti, a sa tabarau da rana, a rufe shi da filasta da dare yadda likita ya nuna. Kada a zuba masa wani abu dabam.

Akwai kuma wata karkacewar baki wadda ta fi wannan hatsari, ita ce ta shanyewar ɓarin jiki, sa'ad da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, galibi ga masu hawan jini. A nan masinja lafiyarsa ƙalau, babban ofis ne ya sami ɓarna. To, ga yadda a ke rarrabewa. Tsokar goshi tana karɓar umurni daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, amma ta ƙasan fuska daga ɓangare ɗaya kaɗai, na ɗaya gefen. Saboda haka a ce wa mara lafiya ya ɗaga gira. In gira ɗaya ta ƙi tashi, goshin gefen ya yi sumul, ya fi kama da ciwon jijiya. In kuwa gira biyu sun tashi, ido na rufuwa, amma baki a karkace, lalle a yi zaton ƙwaƙwalwa ce. A sa shi ya ɗaga hannu biyu, a ga ko ɗaya zai faɗi. A sa shi ya yi magana, a ji ko ta harɗe. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, gama allurar da ke narkar da gudan jini galibi cikin sa'a huɗu da rabi na farko a ke yinta.

Kada kuwa wannan gwaji ya sa wani ya mai da kansa likita. Amfaninsa a san irin gaggawar da za a yi, amma kowace iri ce asibiti za a nufa a ranar. Akwai waɗansu abubuwa da kan taɓa wannan jijiya, kamar ciwon kunne mai mugunya, da rauni a kai, da ƙari a jakar miyau, da kuturta, wadda kan hana ido rufuwa, kuma kowanne da maganinsa dabam.

Ku malamai da akawuna, ku ne mutane kan fara nufa da tambaya a unguwa da ƙauye. Ranar da aka zo muku da labarin wane bakinsa ya karkace, ku tuna da abu uku: a duba gira da hannu da magana, a kare ido, a tafi asibiti kafin rana ta faɗi. Malami kuma in ya sami minti goma a aji, ya sa yara su ɗaga gira, su runtse ido, su cika kumatu da iska, su yi murmushi, ya gaya musu tsokar da ke yin kowane. Yaron da ya koyi wannan zai kai shi gida, wata rana ya amfani iyayensa. Allah Ya ba mu lafiya.