Sayen Tsohon Gidan Katako da Gyaransa a Birnin Kyoto

A birnin Kyoto, tsohuwar hedkwatar ƙasar Japan, akwai wani irin gidan katako da ake kira machiya, mazaunin 'yan kasuwa da masu sana'a irin su masaƙan unguwar Nishijin. Fuskar gidan tsukakkiya ce, amma yana da tsawo ƙwarai ta ciki. Shago ne a bakin titi, sai wata hanya mai daɓen ƙasa wadda ta ratsa madafa har baya, sa'an nan ɗan tsakar gida mai shigo da iska da haske. Yawancin waɗanda suke tsakiyar birnin an gina su ne bayan babbar gobarar 1864.

Abin da ya kamata mai saye ya fara bincikawa shi ne matsayin filin a wajen hukuma. Dokar gine-gine ta 1950 ta tanadi cewa ba za a yi sabon gini ba sai filin ya haɗu da hanya mai faɗin mita 4, ta wajen da bai gaza mita 2 ba. To, da yawa daga cikin gidajen nan suna cikin lunguna ne da ko mota ba ta shiga. Ke nan ana iya gyara su, amma in aka rushe, ba damar sāke ginawa. Wannan shi ya sa farashinsu yakan faɗi, bankuna kuma sukan yi ɗari-ɗari da ba da rance a kansu.

Gyaran kansa yana farawa daga ƙasa. Ginshiƙan gidan a kan duwatsu aka ɗora su, ba a binne su ba, don haka laima da gara sukan ci gindinsu, gidan ya karkace. Kafinta yakan ɗaga ginshiƙin da jak, ya yanke ruɓaɓɓen, ya sassaƙa sabon itace ya haɗe su baki da baki, sa'an nan a miƙar da gidan. Bango kuwa gora ce aka saƙa aka yaɓe da laka mai haɗe da karan shinkafa, kuma kowane shafi sai ya bushe kafin a ƙara wani. Mai gaggawa yakan so ya rufe kome da allon zamani, sai dai yin haka yana ɓoye ɓarnar ne kurum. Bayan wannan ne ake zancen famfo da wayar lantarki da maganin sanyi, domin an tsara gidajen ne saboda zafin bazarar Kyoto, hunturu kuwa yana shiga ta ko'ina.

Ƙidayar da aka yi a 2008 zuwa 2009 ta sami gidaje fiye da 47,000. Ta 2016 ta sami wajen 40,000, wato ana rasa kamar biyu kowace rana. A 2017 hukumar birnin ta kafa dokar da ta wajabta wa masu gidajen da aka keɓe su ba da sanarwa shekara guda kafin rushewa, ko a dace da wanda zai saya ko ya yi haya.