Kafin A Juye Littafin Sito Cikin Kwamfuta

'Yan uwa 'yan kasuwa da dillalai, ku sani akwai masu sito da yawa yanzu waɗanda yaransu suka matsa musu lamba su bar littafi su koma ga manhajar lissafin kaya, irin su QuickBooks da Odoo da makamantansu. Ba laifi ba ne. Amma akwai wata gaɓa guda inda dukiya ke salwanta ba tare da ɓarawo ya shigo ba, watau ranar da za a kwashe abin da ke littafi a zuba cikin na'ura.

Ga yadda abin ya ke. Mai kaya iri 200 ba zai zauna yana shigar da su ɗai-ɗai ba. Sai a rubuta su a jadawali cikin Excel, kowane kaya da layinsa, kowane layi da gidajensa: suna, lamba, ma'auni, adadi, kuɗin saye, kuɗin sayarwa. Sa'an nan a adana shi a fayil da ake kira CSV, a miƙa wa manhaja, ta tambaye ka wane gida ne suna, wane ne adadi, ka nuna mata, ta haɗiye duka kafin ka sha ruwa. Ba ta musu, ba ta kuwa tambayar ko ka tabbata.

Babbar mas'ala ita ce ma'auni. Mu a kasuwa in an ce buhu, kowa ya san wanda ake nufi, don ido na ganin kayan. Na'ura ba ta da ido. Buhun masara mai kilo 100 da buhun shinkafa mai kilo 50 duk buhu ne a wurinta, in ba ka bambanta mata su ba. Tiya kuma ana ƙiyasta ta kilo biyu da rabi, har a ce tiya 40 ke cika buhu, alhali kowa ya san tiyar da aka yi wa tozo daban, wadda aka shafe daban, kuma mudun wani gari ba na wani ba ne. To, in yaro ya rubuta 40 a gidan adadi yana nufin tiya, manhaja ta ɗauka buhu ne, ga ka da buhu 40 a allo, buhu ɗaya a sito. Da wannan ne mutum zai karɓi kuɗin baƙo a kan kayan da ba shi da su. Lalle ne maigida da kansa ya zauna ya yanke ma'auni guda ga kowane kaya, kilo ko buhu mai nauyi sananne, sa'an nan a faɗa wa manhaja tiya nawa ke cikinsa. Iyayenmu sun yi irin wannan zama a 1973, da aka bar fam da sule, fam ɗaya ya zama naira 2, kowa ya bi littafin bashinsa layi-layi.

Sai suna. Gero, gero sabo, geron Maraɗi, hatsi: in abu guda ne a ba shi suna guda da lamba guda, in ba haka ba na'ura ta buɗe musu rumbu huɗu. Lambar ma a kula, don Excel na da ɗabi'ar cinye sifirin da ke farko, 0012 ya koma 12, ya faɗa kan wani kaya.

Akwai kuma ta waƙafi, wadda ba mai zato. Shi wannan fayil da waƙafi ya ke raba gida da gida. Saboda haka farashi, misali 45,000, in an rubuta shi da waƙafinsa yana iya tsagewa biyu, 45 a gida ɗaya, 000 a na gaba, ko manhaja ta ƙi layin ɗungum. A rubuta 45000 tsurarsa, ba waƙafi, ba alamar naira. Masu hulɗa da abokanmu na Maraɗi da Damagaram su ƙara lura: kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi ta ke sawa inda mu ke sa ɗigo, 2,5 a wurinsu biyu da rabi ne, kuma da waƙafi mai ruwa ta ke raba gidaje. Ga kuma dala, wadda a bakinsu sefa 5 ce, jaka sefa 1000. A tambaya tun da wuri, da me aka rubuta kuɗin.

Mu masu ajami, da masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ, sai an zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa. In ba haka ba sunayen kaya su fito alamun tambaya jere, ba mai iya karanta su.

Dillalai, wannan taku ce. Kayan da aka ajiye muku amana ba naku ba ne, la'ada kaɗai ce taku. In aka zuba su gida ɗaya da kayan maigida, manhaja za ta lissafa su cikin jari, ranar da mai kaya ya zo daga ƙauye kuwa ba za a gane buhunsa daga na wani ba. A buɗe musu sito na daban a cikin manhajar, kowane layi da sunan mai shi.

Ranar juyewa a rufe ciniki, a kira 'yan dako a ƙirga buhunan da ke ƙasa, a rubuta abin da aka ƙirga, ba abin da littafi ya ce ba, don ɓera da ƙwari da ramewar sabon hatsi ba sa shiga littafi. A fara gwaji da layi 10, a duba su da ido. Kada a ɗora fayil ɗaya sau biyu don ganin na'ura ta yi jinkiri, a wasu manhajojin kaya ninkuwa su ke yi. Littafin kuma kada a jefar, a ci gaba da rubutu a cikinsa tare da na'ura har kasuwa huɗu, ana gwada jimillar wannan da ta wancan kowace Alhamis da yamma.